Yadda ake koyon rawar Cariya ta mabiya Buda a Nefal, daga farko har inda baƙo ke tsayawa

Tun da na fara magana a kan raye-rayen ibada na mabiya addinin Buda, tambaya ɗaya ce take ta dawo mini: ta ina mutum zai fara? Masu tambayar ba iri ɗaya ba ne. Akwai ɗaliban wasan kwaikwayo da ke son sanin yadda ake sarrafa jiki a wannan fanni, akwai masu nazarin addinai, akwai kuma waɗanda suka fito fili suka ce natsuwar zuciya suke nema, sun ji ana samunta a nan. Zan amsa da misali guda, wato rawar Cariya ta al'ummar Newar da ke kwarin Katmandu a ƙasar Nefal, domin ita ce wadda baƙo zai iya samun malami ya zaunar da shi ya koya masa. A harshen Sanskirit, tsohon harshen addini na Indiya, ana kiranta Cariya Niritiya, ma'ana rawar horon kai. Su Newar ɗin suna cewa Caca Pyakhan. Kalmar ta yi kama da cacar da muka sani a Hausa, amma babu abin da ya haɗa su.

1. Tantance abin da ya kai ka

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne nauyi. Rawar Cariya ibada ce a wurin masu ita. Limamansu, da ake kira Bajracariya, sun shafe ƙarnuka suna yinta a ɓoye cikin ɗakin ibada na musamman da suke kira agam, ba mai shiga sai wanda aka yi wa izini. A ƙarni na 20 ne aka fara fito da wani sashe nata bainar jama'a. Zuciyar aikin ita ce mai rawa ya sawwara wa kansa cewa shi ne abin bautar da waƙar take siffantawa, ya ɗauki tsayuwarsa da kalarsa da halinsa.

Saboda haka ƙofa uku ce a gabanka. Ko ka je a matsayin mai kallo da nazari, ko ka koyi motsin jiki da waƙa a matsayin fanni, ko ka shiga a matsayin mai bin tafarkin. Ta ukun nan shiga ibadar wani addini ce, kada wani ya yi maka kwaskwarimar magana ya ce motsa jiki ce kawai. Idan kai Musulmi ne ko Kirista, ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa ka faɗa masa abin da rawar ta ƙunsa kamar yadda zan bayyana a ƙasa, ka san iyakarka tun kana gida. Ko ƙofa ta biyu ma ba ta kuɓuta gaba ɗaya ba, domin darasi kan buɗe da gaisuwar neman mafaka ga Buda da koyarwarsa da jama'arsa.

Hattara: duk ƙofar da ka zaɓa, ka faɗa wa malamin rawar gaskiya a ranar farko. Mai bincike da ya yi shigar mabiyi don a buɗe masa abin da ba a buɗe wa kowa ya ci amana, kuma yana rufe ƙofa ga waɗanda za su zo bayansa.

2. Ka kalla kafin ka koya

Gani ya kori ji. Nemi bidiyon rawar Manjushiri da ta Tara da ta Buda biyar, wasu daga cikin abubuwan bautarsu, a intanet, ka kalli kowacce sau da yawa. Da farko ka bi ƙafa kawai, sannan hannu kawai, sannan ido. Za ka lura rawar ba ta da gaggawa, kuma mai yinta bai damu da 'yan kallo ba.

A nan ne kuma za ka raba Cariya da rawar Cam, wadda mutane ke yawan haɗa su. Cam ita ce ta manyan abubuwan rufe fuska da ake sawa a kai, da riguna masu nauyi, da dogayen ƙahonni irin kakaki, wadda ake yi a Tibet da Butan da Ladak. Ana ganinta a bikin Hemis na Ladak wajen watan Yuni ko Yuli, da bukukuwan Tshecu na Paro da Timfu a Butan, da Mani Rimdu a gidan ibadar Tengboce da ke kan hanyar dutsen Eberes. Galibi ruhubanawa da 'yan gari da aka horar ne ke yinta, baƙo kallo ne rabonsa. Kallon ma a Butan yana da tsada, domin tun Satumban 2023 ƙasar ke karɓar dala 100 a kowane kwana daga yawancin baƙi, ban da dala 40 na biza.

3. Neman malami

Ba a koyon Cariya daga bidiyo. Za ka iya kwaikwayon siffa, amma ba wanda zai gyara maka ɗan yatsan da ya karkace, kuma a wannan rawa ɗan yatsa ɗaya yana sauya ma'ana.

Hanya biyu ce. Ta farko ka je kwarin Katmandu, musamman birnin Patan da tsohon garin Katmandu, inda unguwannin Newar suke kewaye da farfajiyoyin ibada da suke kira baha. Hiranya Barna Mahabihar a Patan, wanda 'yan gari ke kira Kwa Baha, baƙi kuma ke kira Haikalin Zinariya, da Jana Baha da Itum Baha a Katmandu, wurare ne da za ka iya fara tambaya cikin ladabi. Ta biyu ita ce cibiyar da ke birnin Fotlan a jihar Oregon ta Amurka. Prajwal Ratna Vajracharya, wanda ya gaji limanci daga mahaifinsa Ratna Kaji Vajracharya, ya kafa ƙungiyar Dance Mandal a 1996 don raya wannan rawa, sannan a 2009 aka buɗe gidan ibada na Nritya Mandala Mahavihara a Fotlan. Ga wanda tafiya Nefal ta yi wa nisa, tuntuɓar irin wannan cibiya don tambayar darasi ta intanet mafari ne mai kyau. Sai dai ka lissafa agogo: Najeriya da Nijar suna gaban Fotlan da awa 8 ko 9, gwargwadon lokacin shekara, Nefal kuma tana gabanmu da awa 4 da minti 45.

Kafin ka ɗauki kowa a matsayin malami, yi masa tambaya uku. A hannun wa ya koya? Yana koyar da waƙar da ma'anarta, ko motsi kaɗai? Me ba zai koya maka ba? Tambayar ƙarshen nan ita ce ma'auni. Malamin kirki zai gaya maka akwai raye-rayen da ba na baƙo ba ne. Wanda ya ce zai ba ka komai cikin mako biyu, kasuwa yake yi da kai.

Ana kiran malami guruju. Ka gaishe shi da tafin hannu biyu a haɗe, ka ce jwajalapa idan kana son gaisuwar Newar, ko namaste ta ƙasa baki ɗaya.

Hattara: rawar da ake yi wa 'yan yawon buɗe ido a gidajen abinci da otal-otal da dare taƙaitacciya ce, an datse ta don ta dace da lokacin cin abinci. Ba laifi ka kalla, amma kada ka auna malami da ita.

4. Biza, lokaci da kuɗi

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a nan ne mutanenmu suka fi shan wahala. Yawancin baƙi suna karɓar biza a filin jirgin sama na Tribhuban da zarar sun sauka, amma Nefal tana da jerin ƙasashen da ba a ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi, kuma Najeriya da Gana da Kamaru suna ciki. Mai ɗauke da fasfo ɗin ɗayansu dole ya samu biza daga ofishin jakadancin Nefal kafin ya hau jirgi. Ofisoshin jakadancinta a Afirka suna Alƙahira da Firitoriya, don haka ka fara wannan nema watanni kafin tafiya, kuma kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Ko wane fasfo ne a hannunka, duba shafin hukumar shige da fice ta Nefal kafin ka yanke shawara, domin doka tana sauyawa.

Kuɗin bizar yawon buɗe ido dala 30 ne na kwana 15, dala 50 na kwana 30, dala 125 na kwana 90. Ana iya tsawaita ta a Katmandu, amma jimillar zaman ba za ta wuce kwana 150 a shekara guda ba. Shawarata ka ɗauki ta kwana 90 idan da hali. Wata guda yana ƙarewa daidai lokacin da cinyoyinka suka fara sabawa da tsayuwar. Ka tafi da katin rigakafin shawara. Jirgi kan bi ta Doha ko Dubai ko Istanbul.

Oktoba da Nuwamba sun fi daɗin zama, sai Maris da Afrilu. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce mai ƙarfi, sai dai a cikinta ne watan Gunla yake faɗowa, wajen Agusta, watan da mabiya Buda na Newar ke hawa tsaunin Suwayambu da asuba da kaɗe-kaɗen ibada. Mai nazari zai ga abin da ba zai gani a wani lokaci ba. Disamba da Janairu akwai sanyi mai shiga ƙashi, birnin yana kan tudu mai kimanin mita 1,400, gidaje da yawa kuma ba su da abin ɗumama ɗaki, ga shi rawar ba takalmi ake yinta.

Kuɗin darasi ba shi da farashi guda. Ku daidaita tun farko, ko a kan kowane zama ko a kan wata, ka kuma tambaya ko akwai kuɗin mawaƙin da zai riƙa raka ku. Ban da wannan akwai kyautar girmamawa da ake kira dakshina, wadda ake sawa a ambulan a miƙa da hannu biyu a farkon karatu ko ƙarshensa. Ka ware kuɗin shiga wuraren tarihi: a 'yan shekarun nan dandalin fadar Patan rufi 1,000 ne ga baƙo (rufi shi ne kuɗin Nefal), wurin ibada na Bauda 400, Suwayambu 200. Kama ɗaki kusa da malaminka, cunkoson motocin Katmandu yana cinye rabin yini. Asabar ranar hutu ce a ƙasar. Ga Musulmi, Masallacin Jame da Masallacin Kashmiri suna kusa da hasumiyar agogo ta Gantagar, kuma a kewayensu ake samun abincin halal.

5. Kayan aiki

Kaɗan ne: wando mai faɗi da ba zai hana ka durƙusawa ba, riga mai rufe kafaɗa, littafin rubutu, waya don naɗar muryar malami idan ya yarda, da ƙananan kuge biyu na tagulla da ake kira ta, waɗanda ake riƙe kiɗa da su. Kada ka sayi kambi da sarƙoƙi da rigar rawa yanzu. Shagunan Patan cike suke da su, suna da kyau, kuma sabon ɗalibi yakan zuba kuɗinsa a nan. Bari sai malami ya ce lokaci ya yi.

Hattara: a cikin Kwa Baha ba a shiga farfajiyar ciki da kayan fata, har ɗamara da jaka. Ana kewaya wurin ibada ne ta yadda zai kasance a hannun damanka. Kada ka miƙe ƙafa ta fuskanci gunki ko malami.

6. Waƙa kafin ƙafa

Kowace rawa tana tafiya ne a kan waƙarta, wadda ake kira cariya giti. Waƙar tana da raga, wato karin murya, da tala, wato ma'aunin bugu, kuma kalmominta suna zayyana abin bautar gaɓa-gaɓa: kalar jikinsa, yawan hannayensa, abin da ke kowane hannu, abin da yake tsaye a kai. Hannun mai rawa fassarar waɗannan kalmomi yake yi. Idan waƙa ta ambaci furen bado, yatsu su buɗe kamar fure. Idan ta ambaci takobi, hannun dama ya ɗaga.

Don haka ga tsarin da nake ba da shawara. Rubuta waƙar da haruffan boko yadda kunnenka ya ji ta. Sa malami ya ba ka ma'anar kowace kalma, ka rubuta a ƙarƙashinta da Hausa, kada ka wadatu da fassarar baiti a dunƙule. Sannan ka rera ta kana buga kuge har bugun ya zauna maka. Sai bayan nan ka miƙe tsaye. Harshen waƙoƙin Sanskirit ne da ya gauraya da tsofaffin harsunan yankin, furucin zai ba ka wuya a makon farko, amma wanda ya taso da hadda ya san yadda ake yi: kaɗan-kaɗan, kullum, da murya a sarari.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya haddace motsi da ƙirga, ɗaya biyu uku, bai san abin da waƙa ke cewa ba. Ranar da mawaƙi ya ja baiti ko ya maimaita shi, sai ka ga ɗalibin ya tsaya cak, hannu a sama, bai san inda yake ba.

7. Yatsu, tsayuwa da ido

Alamomin hannu su ake kira mudra. Fara da guda biyar na Buda biyar, domin su ne ginshiƙi kuma za ka gan su a jikin gumaka da yawa a kwarin. Bairocana fari ne, hannayensa a ƙirji cikin alamar koyarwa. Akshobiya shuɗi ne, yatsun damansa suna taɓa ƙasa. Ratnasambaba rawaya ne, tafinsa a buɗe yana kallon waje, alamar kyauta. Amitaba ja ne, hannu kan hannu a cinya, alamar zurfin tunani. Amogasiddi kore ne, tafinsa a ɗage, alamar kore tsoro. Je gaban gumakan Suwayambu da littafinka ka gwada hannunka da nasu. Masu ƙera tagulla na Patan da masu rawa ma'auni ɗaya suke bi.

A tsayuwa akwai tiribanga, inda jiki ke lanƙwasa a wuri uku, wuya da ƙugu da gwiwa, ita ce ta masu sanyin hali irin Tara. Akwai alida da kishiyarta piratiyalida, ƙafa ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe kamar mai jan baka, su ne na masu siffar fushi irin Bajrapani da Mahakala. Ido yana bin hali: a sassauce ga masu sanyi, a buɗe tar ga masu fushi.

Hattara: gwiwa ce take fara lalacewa. Kullum ta kalli inda yatsun ƙafa suka kalla, kada ta faɗa ciki. Ɗumama jiki na minti goma kafin ka fara, musamman a kan daɓen dutse mai sanyi. Ciwon tsoka ba komai, zai wuce. Zafi mai suka a cikin gwiwa kuwa alama ce ta ka dakata.

8. Jerin raye-rayen

Malamai sun bambanta, amma galibi ana farawa da gajeriyar gaisuwar neman mafaka, sai rawar baiko goma sha shida, inda ake miƙa abubuwa kamar garaya da sarewa da ganga da fure da turare da fitila da madubi, duk da alamar hannu, ba a riƙe komai. Wannan rawa makaranta ce guda, kada ka raina ta. Daga nan sai Manjushiri, ma'abocin hikima, takobi a dama, littafi a kan bado a hagu. Newar suna ba shi matsayi na daban, domin a labarinsu kwarin Katmandu tafki ne a da, shi ne ya sare dutse a Cobar ruwan ya tsiyaye. Sai Tara mai jinƙai. Masu siffar fushi da abar bauta Bajrayogini suna zuwa daga baya.

Rawa ɗaya da ta zauna a jiki ta fi biyar da aka tsinta sama-sama. A wata uku, gaisuwa da baiko da Manjushiri sun ishe ka.

9. Aikin zuci

A nan ne ƙofofin mataki na farko suke rabuwa. Mai koyon fanni yana tsayawa a kan siffa da ma'ana. Mabiyi kuwa, kafin ya motsa, yakan tsaya shiru, ya daidaita numfashi, ya ƙudurta cewa abin da zai yi don amfanin dukan halitta ne, sannan ya sawwara siffar abin bautar ya ɗauke ta a matsayin tasa. A fahimtarsu Manjushiri hikimar da ke cikin mutum ce, Tara kuma jinƙansa, ana sa jiki ya ɗauki siffarsu ne don halin ya samu wurin zama. Kayan ado shida da mai rawa ke sawa ana danganta su da halaye shida: kyauta, kamun kai, haƙuri, himma, tattara hankali, da hikima. Shi ya sa na ce kada ka yi gaggawar sayensu. Idan an gama, mai rawa yakan saki siffar a zuciyarsa, ya koma shi kansa, ya sadaukar da ladar ga kowa.

Masu tambaya da yawa suna kwatanta wannan da hawan bori, kuma kuskure ne. Mai rawar Cariya ba ya fita hayyacinsa, ba a jiran wani abu ya hau kansa. Akasin haka ake nema, ya san inda kowane ɗan yatsa yake, ya ji kowace kalma ta waƙa. Idan ka ji jiri ko hankalinka yana gushewa, ka zauna ka sha ruwa, ba ci gaba ba ne.

Hattara: wanda ke fama da damuwa mai tsanani ko ciwon ƙwaƙwalwa kada ya ajiye magani ko likita saboda wannan. Ya kuma sanar da malami halin da yake ciki kafin a kai ga aikin sawwarawa.

10. Bayan ka dawo gida

Minti 20 zuwa 30 kullum a lokaci guda ya fi awa uku ranar hutu. Rera waƙa sau ɗaya a zaune, bi alamomin hannu, sannan ka yi rawar sau biyu. Duk wata ka ɗauki bidiyon kanka ka aika wa malami idan kun yi da shi haka, domin jiki yana sauya motsi a hankali ba tare da mai shi ya lura ba. Rubuta abin da ka gani a kanka bayan kowane zama, ko layi biyu ne. Mai bincike da zai koma ya nemi ma'ajiyar rubuce-rubucen hannu ta Asa a Katmandu, inda aka adana dubban tsofaffin littattafan Newar.

Kada ka fara koyar da wasu ko ka hau dandamali da rawar sai da izinin wanda ya koya maka, kuma idan ka hau, ka ambaci sunansa da sunan al'ummar da ta riƙe ta. Raye-rayen cikin agam kuwa suna bayan wani biki na shigarwa da Newar ke kira dekha, wanda bisa al'ada na 'ya'yan wasu zuri'o'insu ne, kuma yana ɗauke da alkawuran da ake riƙewa har mutuwa. Ba a neman sa da kuɗi, ba a kuma matsa wa malami a kansa. Idan wani ya yi maka tayin sa a farashi cikin 'yan kwanaki, ka koma wurin guruju ɗinka ka faɗa masa kafin ka ba da ko rufi ɗaya.